BINDIGAR ISKA KO SIFANA MAI AWO: TAMBAYOYIN DA KANIKAWA KE YI A YALWAN DAMAI

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano, ta ratsa Wudil ta gangaro Birnin Kudu a 'yan shekarun nan, da wuya ya rasa jin wata sabuwar ƙara tana tashi daga wasu garejoji da rumfunan masu faci na bakin titi. Ƙarar ta wata na'ura ce mai aiki da iska, wadda saboda siffarta da sautinta ake ce mata bindiga. Cikin ƙiftawar ido takan kwance notin da a da sai ƙato ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa kafin ya motsa.

Labarin wannan na'ura da sauran sababbin kayan gyaran mota ya daɗe da isa ƙauyukan kudancin Jihar Jigawa, har da Yalwan Damai, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, wadda ta yi iyaka da ta Gwaram. Bakaniken wannan yanki ba irin na birni ba ne da ke tsayawa a kan mota iri ɗaya. A wuni guda yakan duba babur, ya kwance injin ban ruwa, ya gyara birkin motar haya, wani lokaci ma a kira shi bakin gona saboda tarakta ta tsaya. Jarinsa kaɗan ne, saboda haka in ya yi kuskure wajen sayen kayan aiki, abin da ya tara a shekara ne ya salwanta. In kuwa ya saya daidai amma ya yi amfani da kayan ba bisa ƙa'ida ba, to asarar ba ta tsaya a aljihunsa ba, domin motar da ya ɗaure wa taya ita ce za ta ɗauki mutane da buhunansu zuwa kasuwa. Wannan shi ya sa tambayoyin da kanikawa ke yi game da waɗannan kaya suka cancanci amsa a tsanake.

DAGA INCI ZUWA MILIMITA

Tambayar da dattawan sana'a suka fi yi ita ce, me ya sa akwatin sifanun da suka gada daga iyayen gidansu ya daina wadatarwa? Amsar tana cikin tarihin motocin da suka shigo ƙasar nan.

A zamanin Turawa da farkon samun mulkin kai, yawancin motocin da ke bin hanyoyin Arewa ƙirar Ingila ne, irin su Bedford da Austin da Land Rover, kuma da awon inci aka yi notunansu. Wasunsu ma suna bin tsarin zaren da wani injiniya na Ingila mai suna Joseph Whitworth ya fito da shi tun cikin 1841. A watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Cikin 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, daga baya aka buɗe masana'antar Steyr a Bauchi da ta manyan motocin Fiat a Kano. Duk waɗannan da awon milimita suka zo, haka kuma motocin Japan da suka biyo baya suka cika hanyoyi.

Bambancin inci da milimita a ido kamar ba kome ba ne, amma a bakin aiki babba ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, watau bai kai 13 ba. Wanda ya ɗora sifana lamba 13 a kan noti mai rabin inci ya ja da ƙarfi, kusurwoyin notin zai gwigwiye, ya mai da aikin minti biyu ya zama na wuni. Har a cikin masu milimita ma akwai bambanci. Motocin Japan sun fi amfani da lamba 10 da 12 da 14 da 17, na Turai kuwa sukan nemi 13 da 16 da 18. Notin tayar Toyota yawanci 21 ne, na Honda 19, na Golf kuma 17. Bugu da ƙari, motocin Jamus irin su Golf da Sharan, waɗanda 'yan haya suka runguma, cike suke da ƙusoshi masu kai kamar tauraro, irin wanda aka ƙirƙiro a Amurka cikin 1967 da sunan Torx. Tsohuwar sukuddireba ba ta da abin da za ta yi da su, in ban da ɓata su.

SHIN BINDIGAR ISKA TA FI HANNU?

Wannan ita ce tambayar matasa, waɗanda suka ga na'urar tana aiki a Kano ko Dutse suka dawo da sha'awarta. Ba sabon abu ba ce a duniya, domin kamfanin Ingersoll Rand na Amurka ya fara sayar da irinta tun 1934. Yadda take aiki shi ne, iskar da aka matse takan juya wani ɗan inji a cikinta, shi kuma ya riƙa buga wata guduma a kan ƙarfen da ke riƙe da soket, kusan sau dubu a minti ɗaya. Wannan bugu a kai a kai shi ke girgiza tsatsa ya saki noti, ba tare da hannun mai aiki ya sha wahala ba.

Wajen kwancewa, lalle ba ta da na biyu. Notin tayar tirela, da na sifirin da ya shekara yana shan laka, da babban notin da ke tsakiyar ƙafar gaba, duk sukan miƙa wuya nan da nan. Amma wajen ɗaurewa ne matsalar take, domin bindigar iska ba ta san awo ba. Matsakaiciya daga cikinsu, mai bakin rabin inci, takan ba da ƙarfin da ya ninka abin da notin tayar ƙaramar mota ke bukata har sau biyar ko fiye. In aka bar ta tana bugawa har ta gaji, ƙusar da notin ke hawa takan miƙe ta sirance ba tare da ido ya gani ba. Motar za ta bar gareji lafiya lau, sai wata rana a kan gudu, da lodi, ta faɗa rami, ƙusoshin su karye ɗaya bayan ɗaya, taya ta fice ta bar mota.

Saboda haka ƙa'idar da masana'antun mota suka shimfiɗa ita ce, a fara ɗora noti da yatsu har ya shiga zare sosai, a kusantar da shi da bindiga a hankali in ana so, sa'an nan a ƙarasa da hannu bisa awo. Akwai kuma wuraren da bai halatta bindiga ta kusanta ba ko kaɗan, kamar fulogi, da notin zubar da baƙin mai, da ƙusoshin kan inji, da duk inda ƙarfe ke shiga cikin alminiyam.

MENE NE AMFANIN SIFANA MAI AWO?

Da yawa daga cikin kanikawa sukan ce hannunsu ya san ɗauri, don haka ba su ga dalilin sayen sifana mai tsada wadda aikinta kawai ta yi 'yar ƙara ba. Gaskiya ne hannun gwani yana da sani, amma saninsa daga tsofaffin injuna na baƙin ƙarfe ya samo shi, waɗanda ke jure wuce gona da iri. Injunan yanzu yawanci kansu na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, wanda zarensa ke cinyewa da zarar an matsa masa.

Ana auna ƙarfin ɗauri da wani ma'auni da ake kira niyutan-mita, wanda ake taƙaita shi da Nm. Domin mai karatu ya gane, in aka rataya nauyin kilo 10 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, ƙarfin da zai juya ɗaya ƙarshen ya kusa Nm 100. Kamfanin Toyota ya ƙayyade Nm 103 ga notin tayar Corolla da Camry. To, in mutum mai nauyin kilo 70 ya zura bututu mai tsawon mita ɗaya a sifana ya hau ƙarshensa, ƙarfin da ya sa ya kusa Nm 690, watau ya ninka abin da ake bukata kusan sau bakwai. Wannan adadi na manyan motoci ne masu ƙusa goma. Ke nan ba bindiga kaɗai ke wuce iyaka ba, tsohuwar al'adar hawa kan bututu ma tana yi.

Sifana mai awo ita ce maganin duka biyun. Ana saita ta a kan adadin da littafin mota ya faɗa, in an kai nan sai ta yi ƙara a hannu, a tsaya. Ba a ƙara ja bayan ta yi magana, ba a kwance noti da ita, ba a jefa ta a ƙasa, kuma in an gama aiki akan mayar da ita kan adadi mafi ƙanƙanta domin kada sifirin ɗin cikinta ya gaji. Notunan taya ana ɗaure su ne a giciye, daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba, sa'an nan a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Ƙusoshin kan inji kuwa daga tsakiya ake farawa a fita zuwa gefe, mataki mataki. Wasu daga cikin gasket ɗin da ke ƙonewa mako biyu bayan an yi aikin inji, har a riƙa zargin mai sayar da kaya, daga rashin bin wannan tsari abin yake tasowa.

WANE INJIN ISKA ZAI JA TA?

Wasu sukan sayi bindiga da zumuɗi, su kawo ta gida su haɗa da injin mai faci, sai su ga tana huci ba ta da ƙarfi, su ce an cuce su. Sau da yawa laifin ba na bindigar ba ne. Abubuwa biyu take bukata: matsin iska, da yawan iska.

Matsin da aka ƙayyade wa yawancin kayan iska shi ne PSI 90, watau kimanin bar 6, kuma a bakin na'urar ake nufi lokacin da take aiki, ba a kan agogon tanki ba. Yawan iska kuwa, matsakaiciyar bindiga takan sha fiye da lita 100 a minti ɗaya ko da ana yi ana hutawa, in kuwa aka danne ta ba ƙaƙƙautawa, shan ya ninka haka. Tanki mai lita 50 da aka cika zuwa bar 8, kafin ya sauko bar 6 abin da zai bayar kimanin lita 100 ne kawai. Wannan ya ishi canza tayoyin ƙaramar mota, amma ba zai riƙe aikin tirela ko fenti ba. Mai saye ya lura kuma cewa adadin da akan rubuta da manyan baƙaƙe a jikin injin yawanci na iskar da yake zuƙa ne, abin da yake fitarwa a zahiri bai kai haka ba. Siririn tiyo mai tsawo shi ma yana shaƙe iska, don haka wanda faɗin cikinsa ya kai milimita 10 ake so, kuma gajere.

Kula da kayan ba shi da wuya, sai dai yana son naci. Iska in an matse ta takan zubar da ruwa a gindin tanki, musamman da damina, don haka tilas ne a buɗe ɗan famfon da ke ƙasa kullum a tsiyaye shi. In ba haka ba tsatsa za ta ci tankin ta ciki har wata rana ya tarwatse. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai a riƙa share matatar iska a kai a kai. Ita bindigar, 'yan ɗigo na siririn mai a bakin da iska ke shiga kafin fara aiki kowace safiya su ne abincinta.

INA WUTAR DA ZA TA JUYA INJIN?

A nan ne lissafin bakaniken ƙauye ya sha bamban da na birni. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma duk mazaunin karkara ya san ba a gina sana'a a kan tsammanin wuta. Injin iska mai ƙarfin doki biyu yana jan kimanin wat 1,500, lokacin tashi kuwa yakan nemi ninkin haka. Ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba zai tayar da shi ba. Masu faci sun daɗe da warware wannan ta hanyar haɗa injin fetur da famfon iska, amma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan Naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta zarce haka. Kowane noti da aka kwance da iska yanzu yana da kuɗin mai a kansa.

Wannan ya sa hankali ya fara komawa ga bindiga mai batir. Ba ta bukatar tanki ko tiyo, ana iya cajin ta da hasken rana, kuma ana iya saka ta a jaka a hau babur da ita zuwa inda mota ta lalace. Manyan cikinsu suna gogayya da na iska wajen ƙarfi. Rauninta shi ne batir, wanda zafin bazara ke rage masa kwana, kuma sabonsa yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin na'urar. Ga wanda yawancin aikinsa babura ne da ƙananan motoci, ita ta fi dacewa. Ga mai aikin manyan motoci da faci da fenti a wuri ɗaya, injin iska ne ya fi.

YAYA AKE GANE NA ƘWARAI?

Kayan aiki suna zuwa wannan yanki ne daga kasuwannin Kano, musamman Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, inda sabo da gwanjo da jabu ke zaune a tebur ɗaya. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa, watau SON, wadda aka kafa cikin 1971, ita ke da alhakin tare kaya marasa inganci, amma ba za ta iya tsayawa a kan kowace sifana ba. Sauran aikin na mai saye ne.

Sunan da aka buga a jikin ƙarfe ba shaida ba ne, domin mai jabu ma ya iya rubutu. Abin da ya fi shi ne mutum ya tafi kasuwa da sabon noti a aljihu ya gwada. In sifana tana rawa a kansa tun tana sabuwa, a bar ta. Soket mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu riƙe noti mai tsatsa. Abu mafi muhimmanci, soket mai ƙyalli na aikin hannu ne kawai. Ƙarfensa yana da tauri amma yana da saurin fashewa, in aka ɗora shi a bindiga yana iya tarwatsewa ya tsone ido. Na bindiga baƙi ne, mai kauri, da wani irin ƙarfe mai jure bugu aka yi shi. Araha dai, kamar yadda aka sani, ba ta ado.

LAFIYAR MAI AIKI

Tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ta fi kamata a yi, ita ce ta lafiyar jiki. Masana sun tabbatar cewa ƙarar da ta wuce ma'aunin disibel 85, in mutum ya wuni a cikinta kullum, tana rage ji, ita kuwa bindigar iska ta wuce wannan adadi. Abin toshe kunne da tabarau na kariya ba su da tsada. Ba a wasa da tiyon iska, ba a hura shi a jikin mutum ko a kakkaɓe tufa da shi, domin iska mai matsi tana iya shiga ta rauni ko ta kunne ta yi mummunan lahani. Yaran gareji su ne suka fi bukatar wannan gargaɗi. Haka kuma jak na ɗaga mota ne kawai, wanda zai shiga ƙarƙashi tilas ya tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan ƙasa mai tauri, ba bulo ko tarin duwatsu ba. Mai hura tayar babbar mota kuma kada ya tsaya a gabanta, musamman irin wilin nan mai zobe, wanda in ya fizge yakan kashe nan take.

ME ZA A FARA SAYA?

In aka haɗa dukan amsoshin nan, za a ga tsari ɗaya ya fito: awo kafin ƙarfi. Bakanike mai ƙaramin jari ya fara da cikakken jerin soket na milimita mai inganci tare da masu kan tauraro, sa'an nan sifana mai awo, da ƙafafun tokare mota, da gejin iska mai gaskiya. Bayan su sai ƙaramar na'urar binciken kwamfutar mota. Tun daga 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta bi sahu ga motocin fetur cikin 2001, kuma yawancin motocin gwanjo da ke shigowa ƙasar nan daga can suke. Wannan na'ura takan nuna wurin da za a duba, ta hana a yi ta canza kaya bisa cinta. Bindiga, ta iska ko ta batir, ita ce ta ƙarshe, domin lokaci kawai take ragewa, sauran kuwa su ne ke tabbatar da ingancin aiki.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba, jama'a za su iya. Rassan ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, watau NATA, a Birnin Kudu da Gwaram da makamantansu suna iya yin adashi su sayi babban injin iska da na'urar bincike guda, a riƙa amfani da su bisa ɗan kuɗi kaɗan. Hukumomin horaswa irin su ITF, wadda aka kafa cikin 1971, da NDE ta 1986, tare da kwalejojin kimiyya da fasaha da ke Dutse da Kazaure da Haɗeja, ya kamata su riƙa kai gajerun darussa har garejin karkara, da Hausa, a lokacin rani da aikin gona ya yi sauƙi. Takarda guda da ke ɗauke da adadin ɗaurin notunan motocin da aka fi hawa a yankin, in aka buga ta aka manna a kowace rumfa, za ta yi aikin da dogon jawabi ba zai yi ba.

Ma'aikacin gwamnati da ke kai motarsa gyara shi ma yana da nasa rabo. Ya duba littafin motarsa ya san adadin ɗaurin tayarta, ya nemi a ƙarasa da sifana mai awo, kuma ya yarda ya biya ɗan ƙari ga wanda ya mallake ta, domin bakanike ba zai sayi abin da babu mai tambaya ba. Ɗalibai kuwa su lura cewa lissafin nauyi da tsawo da ake koya musu a aji shi ne wanda ke riƙe da tayar motar da ke kai su makaranta. Allah ya kiyaye hanya, ya kuma sa albarka a sana'a.